Barin Jin Daɗi Domin Aikin Bishara: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda nauyin aikin bishara ya fara sauka a zuciyarsa, ba a daɗewa tambayoyi suke taso masa, wasu daga cikin ransa, wasu daga iyayensa, wasu kuma daga abokin zamansa na aure. An tattara waɗanda suka fi yawan maimaituwa a nan, an kuma amsa su bisa ga Littafi Mai Tsarki da tarihin waɗanda suka riga mu bin wannan hanya. Ba a rage tsadar abin ba, domin Ubangiji da kansa bai rage ta ba sa'ad da mutane suka zo suna cewa za su bi shi.

Me ake nufi da barin jin daɗi domin bin Allah?

Ana nufin mutum ya saki abubuwan da ya saba dogara a kansu, waɗanda kuma halal ne a gare shi, saboda kiran da Allah ya yi masa. Ibrahim yana da shekara 75 aka ce ya bar ƙasarsa da danginsa da gidan mahaifinsa, ba a ma faɗa masa sunan inda za shi ba (Farawa 12:1-4). Bitrus da Andarawas sun bar tarunsu, Yakubu da Yahaya sun bar mahaifinsu a cikin jirgi, Lawi ya tashi daga wurin karɓar haraji. Elisha kuwa ya yanka shanun da yake huɗa da su, ya dafa naman da itacen karkiyarsu, wato ya toshe wa kansa hanyar komawa (1 Sarakuna 19:19-21).

Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa da yake zunubi. Zunubi kowane mai bi an umarce shi ya bari, ko yana gida ko yana jeji. Abin da ɗan mishan yake bari shi ne gida, da sana'a, da harshen da ya tashi da shi, da zama kusa da waɗanda suka san shi tun yana yaro. A Luka 9:57-62 wani ya ce zai bi Yesu duk inda za shi, sai Yesu ya amsa masa da cewa yanyawa suna da ramuka, tsuntsaye suna da sheƙa, amma Ɗan Mutum ba shi da wurin da zai ɗora kansa. Bai kore shi ba, ya dai nuna masa hanyar tun kafin ya sa ƙafa.

To, jin daɗi laifi ne ke nan ga Kirista?

A'a. Bulus ya ce duk abin da Allah ya halitta mai kyau ne in an karɓe shi da godiya (1 Timoti 4:4), ya kuma ce ya koyi zaman ƙoshi da zaman yunwa, zaman yalwa da zaman rashi (Filibiyawa 4:11-12). Saurayin nan mai dukiya an ce ya sayar da duk abin da yake da shi, domin dukiyar ce ta zauna a gurbin Allah a zuciyarsa, amma Zakka rabin dukiyarsa ya bayar, Lidiya kuma ta ci gaba da riƙe gidanta har ya zama masaukin manzanni.

Wajibi ne a tsaya a kan wannan, domin akwai masu ɗaukar wahala kamar kuɗin da ake sayen yardar Allah da shi. Kolosiyawa 2:23 ta ce azabtar da jiki yana da kamannin hikima amma ba ya kashe sha'awar jiki, 1 Korintiyawa 13:3 kuma ta ce ko mutum ya ba da jikinsa a ƙone, in babu ƙauna, bai amfana da kome ba. Har manyan bayin Allah sun taɓa faɗawa cikin wannan rami. Bayan rasuwar matarsa Ann a 1826, da ta 'yarsu ƙarama wata shida bayan haka, Adoniram Judson, ɗan mishan daga Amurka, ya keɓe kansa a wata bukka a bakin daji a ƙasar Bama, ya haƙa kabari yana zama a gefensa. Baƙin ciki ne ya kai shi can, kuma sai da ya fito daga wannan hali ya kammala fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Bama a 1834.

A cikin duk abin da ake bari, mene ne ya fi wuya?

Yawancin masu shirin tafiya suna zaton gado ne, ko abinci, ko wutar lantarki, ko ruwan famfo. Waɗannan suna da ciwo a watannin farko, amma jiki yana da saurin sabo, kuma maƙwabtan ɗan mishan a haka suka rayu tun kakanninsu ba tare da wani ya yaba musu ba. Abin da ya fi tsayawa a rai shi ne rasa matsayin da mutum yake da shi a cikin mutanensa.

A gida an san shi, in ya yi magana ana saurare, in ya shiga taro ana ba shi wurin zama. A filin bishara kuwa, mutumin da ya yi shekaru yana wa'azi mai ratsa zuciya zai tsinci kansa tsugune a gaban yara, yana nuna tukunya da yatsa yana tambayar sunanta. Zai maimaita kalmar sau biyar, su kwashe da dariya domin ya karkata muryar har ta koma wata ma'ana dabam. Zai zauna a zaman makoki na awa uku bai fahimci kome ba sai sunan mamacin. Da dare ya buɗe ɗan littafin da yake rubuta kalmomi, ya tarar rabin abin da ya koya jiya ya gudu. Wannan hali yana iya ɗaukar shekara biyu ko fiye, kuma babu hanyar ratse, domin wanda bai yarda ya zama ɗalibin mutane ba, ba za su taɓa yarda ya zama malaminsu ba.

Hudson Taylor, ɗan mishan daga Ingila, ya sauka a Shanghai ta ƙasar Sin a 1854, ba da jimawa ba ya ajiye tufafin Turawa ya sa na mutanen Sin, ya aske gaban kansa ya bar kitso a baya kamar yadda mazan ƙasar suke yi a lokacin. Waɗanda suka fi yi masa ba'a a kan haka 'yan'uwansa Turawa ne. Abin da ya bari a ranar nan ya fi gado tsada, domin girmansa ne a idon nasa.

Tarihi ya kuma nuna mana akasin haka, kuma bai kamata a rufe shi ba. An naɗa Samuel Ajayi Crowther, wanda Bayerabe ne, bishop a 1864, ya yi shekaru masu yawa yana jagorantar aikin bishara a gaɓar kogin Neja. A ƙarshen rayuwarsa, wajen 1890, wasu matasan 'yan mishan daga Ingila, waɗanda babu shakka sun bar gida da dukiya da lafiya, suka zo suka rena aikinsa, suka dakatar da ma'aikatansa a gabansa, dattijon ya rasu a 1891 da wannan ciwo a zuciya. Sun iya barin ƙasarsu, amma sun taho da girman kansu cikin kaya. A ganina wannan shi ne gwajin da ya fi kowanne tona asirin ɗan mishan: ko zai iya zama a ƙarƙashin shugabancin 'yan ƙasa, ya ga an yi abu ba yadda shi zai yi ba, ya yi shiru, ya kuma miƙa aikin da ya fara ga wani sa'ad da lokaci ya yi.

Yaya zan bambanta kiran Allah da zumuɗi na ɗan lokaci?

Kiran da yake na gaskiya yana jure jira, yana kuma jure bincike. A Antakiya ikkilisiya ce take sujada da azumi sa'ad da Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe Barnaba da Shawulu, wato Bulus, ita ce ta ɗora musu hannu ta sallame su (Ayyukan Manzanni 13:1-3), gare ta kuma suka komo suka ba da labari. Tsakanin tubar Bulus a hanyar Dimashƙu da wannan aike an yi fiye da shekara goma.

Saboda haka mai jin kira ya kai maganar gaban fastonsa da dattawan ikkilisiyarsa, ya ba su damar su ce masa bai isa ba tukuna. Ya kuma tambayi kansa ko yana yin aikin a inda yake, domin jirgi ba ya mai da mutum mai bishara. Wanda bai taɓa buɗe baki ya shaida wa maƙwabcinsa ba, haye teku ba zai buɗe masa bakin ba. Ya bincika kuma ko gudun wani abu yake yi, kamar bashi, ko rashin aiki, ko auren da ya yi tsami, ko rikici da shugabanni. Irin waɗannan matsaloli suna bin mutum har filin, a can kuma sun fi muni domin babu mai taya shi ɗauka.

Ni talaka ne, ba ni da wani jin daɗin da zan bari. Maganar ta shafe ni?

Ta shafe ka. An fi ba da labarin irin su C. T. Studd, shahararren ɗan wasan kurket na Ingila wanda ya tafi Sin a 1885 ya kuma rabar da gādon da ya ci, ko Eric Liddell wanda ya ci lambar zinariya a tseren mita 400 a gasar Olamfik ta 1924, ya koma Sin a shekarar da ta biyo, ya rasu a sansanin tsare mutane a 1945. Amma William Carey, ɗan mishan na Ingila da ya tafi Indiya, mai gyaran takalma ne, Mary Slessor kuma tun tana shekara 11 take aiki a masaƙa a birnin Dundee kafin ta sauka a Kalaba a 1876. Talaka ma yana da uwa, yana da harshe, yana da mutanen da za su tsaya masa ranar wuya, kuma sau da yawa shi ne danginsa suke sa ran zai ɗauke musu nauyi. Nasa barin bai fi na mai kuɗi sauƙi ba.

Ina hakkin mata da 'ya'ya a cikin wannan?

Wannan tambaya ta fi sauran nauyi, domin a nan ne wani yake yin alkawari, wani dabam kuma yake biya. Dorothy, matar William Carey, da farko ta ƙi tafiya Indiya, daga baya aka shawo kanta a 1793 tana da jariri a hannu. A shekarar da ta biyo ɗansu Peter mai shekara 5 ya rasu, hankalinta ya gushe, ba ta kuma warke ba har ta rasu a 1807. David Livingstone ya mai da matarsa Mary da 'ya'yansu Birtaniya a 1852, suka yi shekara huɗu cikin ƙunci da kaɗaici ba tare da shi ba. Studd ya tafi Kongo a 1913 ya bar matarsa Priscilla a Ingila, tsakanin 1916 da rasuwarta a 1929 sau ɗaya kawai suka sake ganin juna. Allah ya yi amfani da waɗannan mutane ƙwarai, ba kuma za mu zauna cikin inuwa mu yanke musu hukunci ba, amma amfanin da Allah ya yi da su bai mai da kowace shawararsu abin koyi ba.

Wasu suna kafa hujja da Luka 14:26, inda Yesu ya yi maganar ƙin uba da uwa da mata da 'ya'ya. Matiyu 10:37 ta fayyace ma'anar: kada a ƙaunace su fiye da shi. Wannan magana ce a kan wanda yake da wuri na farko a zuciya, ba izinin yin watsi da iyali ba ne, domin Bulus ya ce wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya mūsa bangaskiya (1 Timoti 5:8), ya kuma ambata cewa Bitrus da sauran manzanni suna tafiya tare da matansu (1 Korintiyawa 9:5).

A aikace, miji ba ya karɓar kira a madadin matarsa, mata ma haka. In ɗaya bai yarda da zuciya ɗaya ba, a jira, ko da jiran zai kai shekaru. Game da yara kuwa, a zauna tun kafin tafiya a tsara karatunsu, a san nisan asibiti mafi kusa, a kuma amince a kan abin da in ya faru za a dawo. Duk wanda ya taɓa kwana a zaune da yaro mai zazzaɓi a cinyarsa, yana shafa masa tsumma mai ruwa, yana lissafin awa nawa suka rage gari ya waye a sami abin hawa, ya san cewa irin wannan shawara ba a tsakar dare ake yanke ta ba. Makarantun kwana na 'ya'yan 'yan mishan, irin wadda aka buɗe a Chefoo ta ƙasar Sin a 1881, sun warware matsalar karatu, amma da yawa daga cikin waɗanda aka raba da iyayensu tun suna ƙanana sun girma da raunin wannan rabuwa, abin da ya sa ƙungiyoyi da dama a yau suke ƙoƙarin barin yara kusa da iyayensu muddin hali ya yi.

Iyayena sun tsufa. In tafi in bar su?

Yesu ya tsauta wa masu cewa dukiyarsu keɓaɓɓiya ce ga Allah domin su kauce wa taimakon iyaye (Markus 7:9-13), shi kansa kuma yana kan gicciye ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirin da yake ƙauna (Yahaya 19:26-27). Bai fasa aikinsa saboda ita ba, bai kuma tafi ya bar ta ba mai kula ba. Mai shirin tafiya ya zauna da 'yan'uwansa da ikkilisiyarsa a san takamaimai wanda zai riƙe tsofaffin da kuma abin da za a riƙe su da shi. In babu kowa sai shi, to jinkirta tafiyar ko neman fili mafi kusa ba rashin biyayya ba ne. Duk da haka, ko an yi kyakkyawan shiri, yana iya yiwuwa labarin rasuwa ya same shi yana nesa, bai sami yin sallama ba. Wannan ciwo ne na gaske, kuma ya kamata ya dube shi tun yanzu.

Da me ɗan mishan yake ci da sha?

Hanyoyin da aka saba bi ba ɗaya ba ne. Wasu ƙungiyar da ta aike su ce take biyansu ɗan albashi daga baikon ikkilisiyoyi, bisa ga ka'idar cewa masu shelar bishara su ci daga bishara (1 Korintiyawa 9:14). Ƙungiyar da Hudson Taylor ya kafa a 1865 domin shiga cikin ƙasar Sin ta ɗauki wata hanya, ba ta roƙon kuɗi a bainar jama'a, ba ta cin bashi, ba ta kuma yi wa kowa alkawarin tsayayyen albashi. Wasu kuma da sana'ar hannunsu suke riƙe kansu kamar yadda Bulus ya yi ɗinkin tanti tare da Akila da Bilkisu a Koranti. 'Yan mishan biyu na farko da 'yan ɗarikar Morabiya suka aika tsibirin Sant Tomas na yankin Karibiyan a 1732, ɗaya maginin tukwane ne, ɗaya kafinta. A ɗarikar Katolika kuwa, masu shiga ƙungiyoyin zuhudu suna ɗaukar wa'adin talauci da rashin aure da biyayya, ƙungiyar ce take ɗaukar nauyinsu.

Kowace hanya tana da tushe a Littafi Mai Tsarki, kuma ba daidai ba ne mai bin ɗaya ya ɗauki mai bin wata a matsayin mai ƙarancin bangaskiya. Abin da ba shi da tushe shi ne ikkilisiya ta ɗora wa mutum hannu da waƙa da hawaye, bayan wata shida ta manta da shi, sa'an nan ta kira yunwar 'ya'yansa rayuwar bangaskiya.

Shan magani da gudun hatsari ba rashin dogara ga Allah ba ne?

Ko kaɗan. A tafiyar da aka yi cikin kogin Neja a 1841, Turawa fiye da 40 suka mutu, yawancinsu da zazzaɓi. A 1854 likita William Baikie ya sake shiga kogin, ya sa mutanensa shan kwinin kowace rana, aka dawo ba a rasa ko mutum ɗaya ba. Crowther yana cikin tafiyoyin biyu, kuma babu mai cewa bangaskiyarsa ta ragu a ta biyu. Rigakafi, da gidan sauro, da tafasa ruwan sha, da hutu a kan kari, duk kula ne da jikin da aka ba mutum amana. Yesu ma ya ce wa almajiransa su keɓe su huta kaɗan sa'ad da ko damar cin abinci ba su samu ba (Markus 6:31).

Haka yake game da hatsari. An zura Bulus cikin kwando ta katangar Dimashƙu domin ya tsira, ya kuma kafa hujja da zamansa ɗan ƙasar Roma sa'ad da za a yi masa bulala. Amma wannan Bulus ɗin ne ya lissafta cewa sau biyar an yi masa bulala arba'in ba ɗaya, sau uku an dūke shi da sanduna, sau ɗaya an jajjefe shi, sau uku jirgi ya fashe da shi (2 Korintiyawa 11:24-25). Akwai hatsarin da ba ya rabuwa da aikin. Fada Damien, ɗan ƙasar Beljiyam, ya shiga cikin kutaren tsibirin Molokai na Hawai a 1873 da sanin abin da zai iya samunsa, ya kamu da cutar, ya rasu a 1889. A tarzomar 1900 a ƙasar Sin, ƙungiyar Taylor kaɗai ta rasa ma'aikata 58 da yara 21. A Janairun 1956 aka kashe Jim Elliot da abokansa huɗu a dajin Ekwado, bayan shekara biyu kuma matarsa Elisabeth da Rachel Saint, 'yar'uwar ɗaya daga cikin waɗanda aka kashe, suka shiga suka zauna cikin mutanen da suka kashe su. Mai bi ba ya neman mutuwa, ba ya kuma jefa masu masaukinsa cikin hatsari da gangancinsa, domin sau da yawa baƙo yana iya ficewa, 'yan ƙasar da suka karɓe shi su ne suke zama da abin da ya biyo baya.

In na bar kome, na yi shekaru ban ga ko mutum ɗaya ya tuba ba fa?

Kana cikin babban ayari. Carey ya yi shekara bakwai a Indiya kafin ya ga baftismar Krishna Pal, Ba'indiye na farko da ya tuba ta wurin aikinsu, a 1800, a 1812 kuma gobara ta cinye maɗaba'arsu a Serampore tare da rubuce-rubucen shekaru. Judson ya isa Rangun ta ƙasar Bama a 1813, bai yi baftisma ta farko ba sai 1819. Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka a Legas a Disambar 1893, cikin shekara guda biyu na farkon suka rasu, Bingham ya koma Kanada. Ya sake gwadawa a 1900 ciwo ya mai da shi, sai a 1902 aka sami kafa tasha a Patigi. Gowans da Kent ba su ga kome da idonsu ba daga cikin ikkilisiyoyin da suka fito daga wannan aiki.

Wannan ba ya hana mutum ya binciki hanyar aikinsa, domin wani lokaci rashin amfani daga rashin iya harshe ne ko rashin sauraron mutane. Amma shuka da ban ruwa ne aka ba ma'aikaci, girma na Allah ne (1 Korintiyawa 3:6-7).

Wane shiri ya kamata in fara tun yanzu?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sa'ad da Taylor yake koyon aikin likita a garin Hull, tun kafin ya ga ƙasar Sin, ya rabu da katifarsa mai laushi, ya koma ƙaramin ɗaki a unguwar talakawa, ya rage cimarsa domin ya ga iyakar abin da zai iya jurewa ya kuma sami abin bayarwa. Mai shiri ya biya bashinsa, ya koyi zama da kaɗan, ya sami ilimin Littafi Mai Tsarki mai zurfi da wata sana'a ko ƙwarewa da za ta amfani mutane, ya je likita ya duba shi, ya kuma gwada aiki a ƙarƙashin wanda ba lallai ra'ayinsu ya zo ɗaya ba. Na ƙarshen nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin saɓani tsakanin abokan aiki yana cikin manyan abubuwan da suke mai da 'yan mishan gida.

Wanda ya dawo gida kafin lokaci ya kāsa ke nan?

Yahaya Markus ya rabu da Bulus da Barnaba a tsakiyar tafiyarsu ta farko, har maganarsa ta raba manyan nan biyu (Ayyukan Manzanni 15:36-40), amma a ƙarshen rayuwarsa Bulus ya aika a kawo masa Markus domin yana da amfani a gare shi (2 Timoti 4:11). Abafaroditus ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, Bulus ya mai da shi Filibi ya kuma umarci ikkilisiya ta karɓe shi da murna da girmamawa (Filibiyawa 2:25-30).

Dawowar ma tana da nata wuya, ko ga wanda ya cika shekarunsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi: sa'o'insa sun yi gaba a sana'a, an yi aure da haihuwa da mutuwa ba ya nan, 'ya'yansa kuma suna jin kansu baƙi a ƙasar da ake ce musu tasu ce. Ikkilisiyar da ta aike shi ita ce ya kamata ta tare shi, ta ba shi lokacin hutawa, ta saurare shi fiye da minti goma na rahoto a ranar Lahadi.

A zamanin waya da jirgin sama, har yanzu akwai abin da ake bari?

Akwai, ko da yake nisan ya ragu. Carey bai sake taka Ingila ba har ya rasu a 1834, wasiƙa kuma takan yi watanni a hanya, alhali ɗan mishan na yau yana iya ganin fuskar mahaifiyarsa a waya kowane mako. Wannan alheri ne, amma ya zo da nasa jarraba, domin mutum yana iya zama a filin da jikinsa, zuciyarsa kuwa tana gida dare da rana, har ya kāsa ƙulla zumunci da waɗanda aka aike shi wurinsu. Masu tafiya ma sun sauya: a yau ƙasashe irin su Koriya ta Kudu da Birazil da Nijeriya suna cikin masu aika 'yan mishan da yawa, kuma da dama daga cikinsu suna tafiya ba tare da irin goyon bayan kuɗin da Turawan dā suka samu ba.

Ni da ba a kira ni in tafi ba, mene ne rabona?

Sa'ad da Carey ya tafi, Andrew Fuller ya zauna a Ingila yana riƙe da sakatarcin ƙungiyar Baftis da suka kafa a 1792, yana yawo gari gari yana tara abin da za a aika, yana rubuta wasiƙu, har ya rasu a 1815. Cocin Katolika kuma a 1927 ta ayyana Tereza ta Lisieux, wata 'yar zuhudu a Faransa wadda ta rasu tana da shekara 24 ba ta taɓa zuwa filin bishara ba, a matsayin majiɓinciyar aikin mishan tare da Faransis Zabiya, shahararren ɗan mishan na Katolika, saboda addu'o'inta da wasiƙun da ta riƙa rubuta wa masu aikin. Wasiƙar Yahaya ta uku ta ce masu tallafa wa waɗanda suka fita saboda Sunan Yesu abokan aiki ne domin gaskiya.

Wanda ya zauna shi ma yana da abin da zai bari. Ya ware wani kaso na abin da yake samu ya riƙa aikawa a kan kari, ko a watan da babu rahoto mai daɗi. Ya san sunayen 'ya'yan ɗan mishan ɗin da ajin da kowannensu yake, ya tambayi wanda yake biyan kuɗin makarantarsu. Ya leƙa tsohuwar da aka bari a gida, ya kai ta asibiti in ta kwanta, ya kuma rubuta wa ɗanta ya faɗa masa yadda ya same ta.